Sha Takwas Mai Laushi da Kajin Amai Shawa

"A'a, Amai Shawa, ke ce a teburin ƙarshe? Lallai yau ɓerayen Chipata sun samu hutu," in ji Ba Chilekwa.

"Ina kwana, ɓarawo. Na ɗauka tun bikin Ista aka binne ka."

"Wa zai binne ni kina nan kina caca? Ai aikinki ne."

"Ka dai mutu ka gani. Sai na gama hannuna zan zo, in ka ruɓe kafin nan kai ka so."

Ni ce a tsaye gabansu da kati a hannu, ƙafafuna suna zogi tun ƙarfe tara na safe. Sunana Womba. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina rabon kati a wannan gidan caca na Lusaka, kuma ba ranar da ke cin raina kamar Larabar tsofaffi. Ran nan ake ba su shayi da fanke kyauta, a shirya musu gasar ashirin da ɗaya, wasan katin da ake so ka fi mai rabo maki ba tare da ka wuce ashirin da ɗaya ba, da kwandalolin roba waɗanda ko ashana ba sa saye. Wanda ya fi kowa tuli bayan hannun ƙarshe shi ke tafiya da kyauta. Ta wannan watan firiza ce, doguwa, an ɗaura mata jan ƙyalle an ajiye a bakin ƙofa.

Amai Shawa, wato Mama Shawa a yarensu, ba nishaɗi ya kawo ta ba. Kaji take kiwo a Chilenje, ta yanka ta fige ta sayar. Makon jiya aka dawo da wuta da ƙarfi, firizarta ta yi ƙara ɗaya ta mutu. Kaji sittin ta kwasa ta kai wa maƙwabciya ajiya, maƙwabciyar kuma ta ce ran Juma'a a zo a kwashe, bikin 'yarta ya matso. Duk wanda ya zauna kusa da ita tun safe ya sha wannan labari. Ni sau huɗu na sha shi.

Shi kuwa Ba Chilekwa, da yake a nan da "Ba" ake girmama babba, mace ko namiji, shi ya koya mini wannan aikin kafin ya yi ritaya. Ɗan Bemba ne, ita 'yar Ngoni, wato mbuya suke: kakanninsu sun yi yaƙi har suka gaji suka koma zagin juna, in ɗaya ya mutu kuma ɗayan ne zai tsaya a kan kabari. Bemba ana yi musu gorin cin biri, Ngoni kuma na cin ɓera. Shekara arba'in suna unguwa ɗaya, ba wanda ya taɓa jin kalma mai daɗi ta gilma tsakaninsu.

"Kai ina naka tulin?" in ji Amai Shawa.

"Na bar wa yara su ma su ɗana."

"Na ji labari. Tun zagayen farko aka share ka. Shekara talatin kana raba kati, da ka zauna a kujera ko shayinka bai huce ba aka ce ka tashi."

"Wuri nake nema mai kyau in ga faɗuwarki."

"To matsa baya, kana yi mini warin biri a wuya."

Na raba hannun ƙarshe. Mutum biyu suka rage, ita da Ba Hamoonga, wani mai shanu daga Monze wanda tun safe bai ce uffan ba. Shi na ba shi katin as mai maki sha ɗaya da na sarki mai maki goma, ashirin da ɗaya cif. Na biya shi nan take, ya jera kwandalolinsa ya naɗe hannu, nasa ya ƙare. Amai Shawa ta samu as da bakwai. Ni kuma katin da ke gabana shida ne.

"Sha takwas," ta ce. "Na gode wa Allah."

Ta ɗaga hannu za ta share iska a kan katin, alamar ta tsaya. In hannun nan ya gilma shi ke nan, kyamarar da ke sama ta gani, ba gyara. Sai Ba Chilekwa ya ɓarke da tari kamar fanke ya maƙale masa. Hannun ya tsaya a sama.

Ga abin da ya sa shi tari. Mu masu wannan aiki kallo ɗaya muke yi wa tuli mu san abin da ke cikinsa. Nata dogo ne, amma duk jajaye ne ƙanana. Na Hamoonga gajere ne, amma baƙaƙe, kowace baƙa tana haɗiye jajaye ashirin. In ta tsaya ta cinye ni, zai fi ta da kaɗan. Hanya ɗaya ce: ta ninka abin da ta zuba, ta karɓi kati ɗaya tak, ta kuma cinye ni. Na sani, Ba Chilekwa ya sani, Hamoonga ma ya sani, shi ya sa ya kafa wa silin ido. Ita kaɗai ce ba ta sani ba, ni kuma doka ta ɗinke mini baki.

"Me ya shaƙe ka?" ta ce. "Wutsiyar biri?"

"Mamaki ne ya shaƙe ni. An ce mana Ngoni mayaƙa ne, tun daga kudu suka taho da mashi. Ashe gudu ne ya kawo ku."

"Sha takwas gare ni. Mai hankali ba ya taɓa sha takwas."

"Sha takwas ɗin wa? Wannan as ɗin naki sha ɗaya ne in kin so, ɗaya ne in an matsa masa. Hannu mai laushi ke nan, ba ya karyewa da kati ɗaya. Ko goma aka ɗora masa, as ya durƙusa ya koma ɗaya, kina nan a sha takwas ɗinki."

"In aka ɗora masa biyar fa?"

"Sha uku."

"To ka ji. In sayar da sha takwas in sayi sha uku, in kuma biya kuɗi biyu. Garin neman gira a rasa ido. Irin wannan cinikin ne ya sa har yau ba ku da kwalta a ƙauyenku."

"Ba naki za ki duba ba, mai idon ɓera. Na yarinyar nan za ki duba. Shida gare ta. Dole ta yi ta ja sai ta kai sha bakwai, kuma a wannan hanyar mai shida yake faɗawa rami."

"Idan kura na maganin zawo, ta yi wa kanta. Kai wane rami ka faɗa da safe?"

Nan Ba Namakau, mai sa ido a kan teburina, ta sauko daga doguwar kujerarta.

"Ba Chilekwa," ta ce, "kai ka koya mana dokar nan. Ɗan kallo ba ya ba da shawara. In ka sake, kai a fitar da kai, ita a soke hannunta."

"Shawara? Ni in ba 'yar Ngoni shawara? Allah ya kiyaye. Zaginta nake yi. Nuna mini shafin da ya hana mutum zagin mbuyarsa."

Ba wannan shafin, kuma ba manajan da zai rubuta shi ya kwana lafiya a ƙasar nan.

Sai Hamoonga ya buɗe baki karo na farko. "Wannan zagin ya yi kama da lissafi."

"Kai ka yi mana shiru," in ji Ba Namakau. "Tun safe nake jin warin garke a teburin nan, ban yi magana ba."

Ita 'yar Lozi ce, shi ɗan Tonga, su ma mbuya ne. Hamoonga ya yi murmushi ya koma kallon silin. Na ce a raina, Womba, yau kin shiga uku. Daƙiƙa talatin doka ta ba mutum ya yanke shawara, ga shi mun shiga minti na huɗu, lokacin hutuna ya wuce, kuma mai sa idon da za ta ce a yi sauri ta shiga sahu.

"To bari in zage ki da kyau," in ji Ba Chilekwa. "Ku mutanen gabas kun saba da tulin kasuwa. In kun ga abu ya yi tsawo sai ku ce arziki ne. Dubi tulinki, kamar ɓerayen da kuke jerawa a tsinke a bakin titi. Tsawo har sama, nama ba ya cika cokali."

"Hassada."

"Dubi na mai shanun can. Garkensa kaɗan ne, amma baƙaƙen bijimai ne. Ki tara ɓerayenki duka, ki ƙara da waɗanda kike sa ran kamawa, ba za su ɗaga ƙafar bijimi ba."

Amai Shawa ta ƙanƙance ido ta dubi tulin Hamoonga, ta dubi nata. Tabarau ɗinta yana gida, ta ce yana tsofar da ita.

"Ƙarya kake yi."

"Ni?"

"Kai. Wa ya zo gidana da sassafe ya ce bishop zai ci abincin rana a wurina? Kaza uku na yanka. Wa ya zo ya cinye?"

"Ai na zo da hula."

"Wa ya gaya wa matan cocinmu na koma sayar da giya?"

"Ciniki na nema miki."

"Ranar da muka binne baban 'ya'yana, wa ya tsaya a bakin kabari ya ce mamaci ya bar masa ni a wasiyya, da ni da keke?"

"Keken nake so. Ke gyara ce."

"To mutumin da ya yi ƙarya a kan kabari, shi zan yarda da shi a kan tebur? So kake in faɗi ka samu abin ba da labari a mashaya har Kirsimeti."

"Kin yi dariya dai ran nan. Kwana uku ba ki ci tuwon nshima ba, da na faɗi maganar keken kika yi dariya kika ci."

"Dariyar takaici ce."

"Ta dai sauka da tuwo."

Ta juyo gare ni. Abin da nake gudu ke nan.

"'Yar nan, ke kina da uwa. Tsakaninki da Allah, tulin wa ya fi?"

"Amai, ba ni da izinin faɗa."

"To ƙifta mini ido."

"Kyamara tana kallona, Amai."

"Ɗan ƙifta kaɗan. Kowa ai yana ƙifta ido."

Na rantse ban taɓa riƙe idona a buɗe kamar ran nan ba, har hawaye ya taru. Haushi ya ishe ni, haushinta, haushinsa, da haushin wanda ya ƙirƙiro Larabar tsofaffi. Ga tsohuwa da kaji sittin a wuya, amsar tana bakina, kuma in na furta ta aikina ya tafi.

"Kin gani," ta ce da Ba Namakau, "shi ya rene ta. Duk gidan nan ɓarayi ne."

"Amai, kati ko tsayawa ko ninki," na ce. "Da hannu za ki nuna."

"Ina tunani. Kaza ma sai ta zagaya kafin ta kwanta."

"Tsaya ɗin za ta yi," in ji Ba Chilekwa. "Na san su. Tsoro a jininsu yake. Ran Juma'a zan zo gidanki da rariya in tace miya, don kaji sittin in suka fara wari har unguwar Kabwata sai an toshe hanci."

Muryarsa ta canza a ƙarshen maganar, ko ni na ji. Amai Shawa ta juya a kujera gaba ɗaya ta dube shi.

"Mbuya."

"Me?"

"Dube ni."

"In dubi me? Na ci abinci, kada ya dawo."

"Na ce ka dube ni."

Bai ɗago ba. Kofin shayinsa yake kallo, yana juya cokali a cikin shayin da ya riga ya shanye.

"Hm," in ji ta. Ta juyo ta gyara ɗaurin zanenta. "Shekara arba'in na san wannan ɓarawon. In zai yi ƙarya, ido cikin ido yake yi, ko ƙiftawa babu. Ranar da gaskiya ta kama shi kunya yake ji, sai ya rasa inda zai sa fuska. Sau biyu na taɓa gani. Yau na uku."

"Sharri," ya ce da kofin.

Ta ƙirga jajaye daidai da abin da ta zuba, ta tura su gefen na farko, ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Ninka, 'yar nan. In na faɗi, a kansa zan kwashe kajin."

Na ja kati na ɗora a gicciye. Biyu ne. As da bakwai da biyu, ashirin.

Tsofaffin da suka kewaye teburin suka ɗauki guɗa. Ba Chilekwa ya ajiye kofi ya fara taka rawa da gurguwar gwiwarsa.

"Wa ya gaya miki? Wa ya koya miki? Durƙusa ki gaishe da ubangidanki."

"Hannuna ne ya yi, ba bakinka ba."

"Rabin firizar nan tawa ce. Sama taki, ƙasa tawa."

"Ko ƙyallen ba za ka taɓa ba."

Ni ban yi murna ba tukuna, don na san kati. Na ja wa kaina, goma. Shida da goma, sha shida, dole in ƙara. Na yi addu'a a raina in faɗa ramin nan, ni da aka ɗauka aiki don in ci. Na ja. Biyar.

Ashirin da ɗaya.

Na miƙa hannu na kwashe jajayen Amai Shawa, na farko da na ninkin, don aikina ke nan. Raina ya ɓaci ƙwarai, har yanzu in na tuna sai in ji ba daɗi. Hamoonga ya tashi ya gaishe ta da hannu biyu, ya bi Ba Namakau zuwa bakin ƙofa wurin firizarsa.

Amai Shawa ba ta ko dube ni ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

"Ka kashe ni," ta ce da Ba Chilekwa. "Ka ji daɗi. Da sha takwas ɗina lafiya lau, ka zo ka hura mini wuta."

"Da kin tsaya, biyun nan ita za ta ɗauka. Shida da biyu da goma, sha takwas. Kunnen doki ke nan, mai shanu ya tafi da firiza duk da haka."

"Da na faɗi da mutuncina."

"Daidai kika yi. Ko gobe aka sake raba wannan hannun, ninkawa za a yi."

"Daidai ɗin zan zuba kaji a ciki? Womba, gaya masa. Yanzu ai wasa ya ƙare, buɗe bakin."

"Daidai kika yi, Amai," na ce. "Kati ne bai zo ba."

"Ku ji min mutanen banza. An yi daidai, an yi daidai, kuma an tashi hannu wofi."

Ba hannu wofi ba ne gaba ɗaya. Aka kawo mata kyautar na biyu, butar dafa shayi ta lantarki a cikin kwali. Ta riƙe ta a cinya tana kallo. Ba ta yi kuka ba, amma bakinta ya daina motsi, kuma a wurin Amai Shawa wannan ya fi kuka muni. Na fara tattara kati a hankali don kada in kalle ta.

Ba Chilekwa ya ja kujerar da Hamoonga ya bari ya zauna. Ya daɗe yana murza gwiwa.

"Abin da ke ba ni haushi da unguwar nan tamu," ya ce, kamar da ni yake, "ɓarayi sun lalace. Ba a samun na ƙwarai yanzu. Ga firiza a ɗakin bayana shekara biyu, lafiyarta ƙalau, an lulluɓe ta da zane. Ƙofar baya sakatarta ta karye. Ni kuma kullum daga ƙarfe biyu zuwa huɗu barci nake kamar gawa. Ba wanda ya taɓa zuwa."

Amai Shawa ta ɗago a hankali.

"Ta Bana Kaluba?"

"Tata."

Matarsa ke nan, marigayiya. Tun da ta rasu bai bar kowa ya taɓa ko cokalinta ba, 'ya'yansa sun yi magana har sun gaji.

"Kana da firiza a ɗaki," in ji Amai Shawa, "ka bar ni na zo na zauna a gidan caca tun safe, ni da nake riƙe da makullin coci?"

"Kin tambaye ni?"

"In roƙi ɗan Bemba? Gara kajin su tashi su yi tafiyarsu."

"To ni ma ba zan bayar ba. In na bayar, 'yan'uwanta za su ce na fara rabon kayanta ga matan unguwa. In na sayar, ba zan iya barci a gidan ba. Amma in 'yar Ngoni ta shiga ta ɗauke, wa zan kai wa ƙara? Duk inda na je dariya za a yi mini, a ce mbuyarka ce, ka yi haƙuri."

Ta daɗe tana kallonsa. Shi kuwa takalminsa yake kallo.

"Ita ta koya mini figar kaza da ruwan zafi," ta ce a hankali. "Ba ta son a bar abu a zaune."

"Na sani. Kullum in na wuce ɗakin sai in ji kamar tana yi mini faɗa."

Amai Shawa ta share hanci da bakin zane, ta miƙe, ta dangwara masa kwalin butar a cinya.

"Riƙe. Kada a ce 'yar Ngoni ta yi sata ba ta bar komai ba. Barcin naka ƙarfe nawa ka ce?"

"Biyu zuwa huɗu."

"Ka kai shi biyar. Firiza tana da nauyi, sai na nemo mota, kuma ba na son gwani yana leƙena ta taga ina koyon sana'arsa."

Ba Chilekwa ya rungume kwalin ya yi ta dariya har ya koma tari, wannan karon na gaske. Ita kuwa ta wuce Hamoonga da firizarsa a bakin ƙofa ko waiwaye babu, tana tambayar mai gadi inda ake samun motar ɗaukar kaya.